Littafin aikin saiwar albasa: neman kuromosom ɗin da aka bari a baya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na soma. Bayan sallar asuba na hau mota daga Agege zuwa kasuwar Mile 12, ɓangaren 'yan albasa, inda manyan motocin Arewa ke sauke kaya. Ƙanana nake nema, kamar ƙwan kaza, waɗanda gindinsu bai ruɓe ba. Dattijon da na tsaya wurinsa mutumin Aliero ne. Da ya ga ina juya kowace ɗaya ina leƙa gindinta sai ya ce, "Malam, miya za a yi ko shuka?" Na ce, "Baba, saiwa nake so ta fito." Ya ce, "To ajiye wannan. Sabuwar cira ce, barci take yi. Tsohuwa za ka nema." Ya sa yaronsa ya tono mini guda ashirin daga wani buhu da ke jingine a lungu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, kullum ina zana rabuwar ƙwayar halitta a allo da alli, kuma ba ɗalibi ko ɗaya da ya taɓa ganin abin da idonsa. Burina biyu ne. Na farko, in haɗa akwati guda na gilasan da za a riƙa ɗorawa a madubin ƙara girma, tare da bayaninsu da Hausa, don yawancin yaranmu Hausa suke ji a gida. Na biyu, in kama kuskure: ƙwayar da ta zo rabuwa ta bar kuromosom ɗaya a baya, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da abin gado a cikin ƙwaya. Dalilin wannan na biyun na gida ne, zan zo kansa.

Albasa na zaɓa saboda kuromosom ɗinta goma sha shida ne kacal, ga su manya-manya. Abin gadon da ke cikin ƙwayarta ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar. Albert Levan, masani ɗan ƙasar Suwidin, da saiwar albasa ya yi gwajinsa a 1938, kuma shi ne tare da Joe Hin Tjio suka tabbatar a 1956 cewa kuromosom ɗin mutum 46 ne. Kafin su, littattafai 48 suke rubutawa.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kankare busasshiyar saiwa, na ɗora kowace albasa a bakin kofin gilashi, gindinta kawai ke taɓa ruwa, na rufe su a kabad. Kullum da safe nake canza ruwan. Yau goma sha uku sun fito da fararen saiwoyi kamar gemun ɗan akuya. Biyu sun ruɓe, na zubar. Baba ya yi gaskiya: sabbi biyar da na saya a unguwa don gwadawa ko motsi ba su yi ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Gilashi tara na ɓata kafin na goma ya yi kyau. Ga yadda aikin yake. Ana yanke kan saiwa, a jiƙa shi a haɗin sifirit kashi uku da asid ɗin binega mai ƙarfi kashi ɗaya, don komai ya tsaya cak a inda yake. Sai a tausasa shi 'yan mintuna cikin asid mai ɗumi, a ɗauraye, a yanke ɗan tsinin da bai wuce kan allura ba, a ɗiga rini, a rufe da siririn gilashi, a danna da babban yatsa. Dannawar nan ita ce gwanintar. In yatsa ya goce gefe ko yaya, ƙwayoyin sun murje ke nan.

A na goman na ga su. Wata ƙwaya kuromosom ɗinta sun jeru a tsakiya sun daidaita sahu. Ta kusa da ita kuwa an riga an raba, rukuni biyu na tafiya gabas da yamma, kowane kuromosom ya lanƙwashe, tsakiyarsa a gaba, hannuwansa na jan ƙasa a baya. Na daɗe ban ɗaga kai ba. Walther Flemming na Jamus ya zana irin wannan tun 1882, na kuma san hoton kamar tafin hannuna, amma gani ya kori ji.

Lanƙwasar nan ita ce shaidar abin da nake bi. Kafin ƙwaya ta rabu, kowane kuromosom yakan kwafi kansa, ya zama tagwaye manne da juna, wasu zobba na furotin da ake kira kohesin sun ɗaure su. Akwai wurin da suka tsuke, kamar ƙugu, shi ne sentiromiya. A kan ƙugun nan kowane ɗan tagwaye yake gina kinetoko, ɗaya na kallon wannan ɓangare, ɗaya na kallon wancan, sun juya wa juna baya. Ni ƙugiya nake ce masa, kuma haka zan rubuta a bayanin yara. Furotin fiye da ɗari ne suka taru suka yi shi. A can ƙasa akwai CENP-A, wanda yake yi wa wurin alama a jikin kuromosom, ya ce nan za a yi gini. A waje kuma akwai Ndc80, mai kama da yatsu, shi ke damƙar zare.

Zaren kuwa na mazari ne, wato tarin zaren da ƙwaya ke ginawa daga ɓangarorinta biyu don jan kuromosom. Na ji daɗi ƙwarai da na gane sunan da Turawa suka sa wa abin ma'anarsa ke nan, mazari irin wanda kakata ke kaɗi da shi: kauri a tsakiya, siriri a baki biyu. Na albasa bakinsa ya fi faɗi, ya fi kama da ganga. Kowane zare kaurinsa nanomita 25 ne, madubina ba ya iya nuna shi ɗaya-ɗaya, balle ƙugiyar. A mutum zare wajen ashirin ke shiga ƙugiya guda. A yis ɗin burodi ɗaya tak.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda jan yake. A ƙwayoyi da yawa zaren yana gajarta ne ta hanyar warwarewa daga bakin da ƙugiyar ta riƙe. Ka ɗauka kana riƙe da igiyar da ke zubewa a cikin tafinka, kana ta matsar da hannu gaba ba ka saki ba, da haka har ka isa inda aka ɗaure ta. Aikin ƙugiya ke nan, kuma a jikinmu ana yin sa dare da rana, a ɓargo da fata da hanji.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar Alhamis na fitar da 'yan aji biyu na babbar sakandare fili. Na haɗa su bibbiyu baya da baya, na ɗaure ƙugunsu da ɗankwali, kowa na riƙe da igiya da ta tafi wani ɓangare. Ana cikin haka wata yarinya, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ce, "Malam, to wa ke cewa a tashi? Ya aka yi suka san kowa ya kama igiyarsa?"

Tambayar da masana suka yi shekaru suna bi ke nan. Amsar ita ce, ba mai ƙirgawa. Ƙugiyar da ba ta kama zare ba ita ke ihu. Tana harhaɗa wasu furotin, cikinsu da Mad2 da BubR1, su bazu cikin ƙwaya su riƙe injin da ke ba da izinin rabuwa, wanda ake kira APC/C. Muddin saura ƙugiya ɗaya a sake, ba inda za a je. Da zarar ta ƙarshe ta kama, ihu ya ɗauke, injin ya tashi ya rushe sekurin, shi kuma sekurin dama shi ke danne da almakashin da ake kira separes. Almakashi ya datse zobban kohesin, tagwaye su rabu a lokaci guda. Na ce da su, ku tuna danfo a tashar Agege: direban nan ba ya waiwayowa ya ƙirga fasinja, kunne yake kasawa, in wanda ƙafarsa ke waje yana dukan mota yana cewa a tsaya, ba zai ja ba.

A 1991 aka gano ƙwayoyin gadon wannan shinge mai tsayar da rabuwa a jikin yis. A 1995 kuma Conly Rieder da abokan aikinsa a Amurka suka yi gwajin da nake ganin babu kamarsa wajen sauƙin fahimta. Suka sami ƙwayar da ta tsaya jiran kuromosom ɗaya, suka ƙone ƙugiyar da ba ta kama ba da hasken lesa. Ƙwayar ta ci gaba da rabuwa, alhali kuromosom ɗin bai kamu yadda ya dace ba. An rufe bakin mai ihu, mota ta tashi.

Akwai wani kuma da ya riga wannan. A 1969 Bruce Nicklas da Carol Koch sun yi aiki da ƙwayoyin fara, farar nan da muke soyawa da yaji. Da siririyar allurar gilashi suka riƙa taɓa kuromosom a cikin ƙwaya mai rai. Idan ƙugiyoyi biyu suka kama zaren ɓangare ɗaya, riƙon ba ya daɗewa, sakewa yake yi. Amma in aka sa allura aka ja ta ɗaya ɓangaren har igiya ta miƙe, sai riƙon ya zauna daram. Wato ƙwaya da tsauri take gane daidai. Yanzu an san mai wannan aiki, wani furotin ne da ake kira Aurora B: yana zaune tsakanin tagwayen, in ya ji igiya ta yi sako-sako sai ya sassauta yatsun Ndc80, a saki, a sake gwadawa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mako na asara. Kwana uku ba wuta, madubin kuma da fitila yake aiki. Da wuta ta dawo na tarar gilasai shida sun bushe, iska ta shiga ta gefe. Maman yara ce ta ba ni mafita, ta miƙo mini kwalbar man farce marar launi ta ce in zagaye bakin da shi. Ya riƙe. Na kuma ɗaure ƙaramar tocila a ƙarƙashin madubin da roba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya sammini kolcisin, an riga an tsarma shi. Guba ne, don haka wannan ɓangaren ni kaɗai na yi, da safar hannu, ba ɗalibi a kusa. Shi ne sinadarin da Levan ya yi amfani da shi. Ba ya taɓa ƙugiya, zaren mazarin yake hanawa haɗuwa.

Bayan 'yan sa'o'i a ciki, hoton ya canza gaba ɗaya. Ba sahu, ba tafiya. Kuromosom sun gajarce sun yi kauri, sun watsu cikin ƙwaya kamar an zubar da ashana. A nan ne na samu na ƙirga sha shida cif, karo na farko. Saiwoyin da na bari kwana biyu kuma kansu ya kumbura kamar kan kulki. Shingen tsirrai ba ya jira har abada: in ya gaji sai ƙwayar ta koma hutu ba tare da ta rabu ba, da kuromosom ninki biyu, 32 maimakon 16. Da wannan dabara ake samar da kankana marar 'ya'ya.

A mutum kuwa irin wannan tsaiko kan kashe ƙwayar, shi ya sa wasu magungunan ciwon daji suke bin ta nan. Binkiristin, wanda ake ba yara masu dajin jini, daga wata fulawa ake samo shi, 'yar asalin Madagaska, mai fure ruwan hoda ko fari. Tana nan birjik a gefen katangun Legas, har a harabar makarantarmu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na same shi. Alhamdu lillahi.

A cikin saiwar da na ɗauraye wa kolcisin na mayar ruwa mai kyau ta farfaɗo. Rukuni biyu sun yi nisa, kowanne ya kusa isa gida, shi kuwa ɗaya yana tsakiyar fili shi kaɗai, a miƙe. Na ɗora wayata a bakin madubin, hannuna na rawa, sai a ɗauka ta bakwai hoton ya fito.

Tun da na soma karatun nan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa kuskure mafi haɗari ba rashin kamu ba ne. Wanda bai kama ba yana ihu, ana jiransa. Wanda tagwayensa suka kama ɓangare ɗaya, igiya ba ta miƙe ba, Aurora B zai kwance. Amma akwai na uku: ƙugiya ɗaya ta kama zare daga ɓangarori biyu. Kamar rago a Alaba Rago da aka zura wa igiya biyu a wuya, mutum biyu na ja, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ƙugiyar cike take da zare, don haka ba ta ihu. Igiya kuma a miƙe take. Shinge ya duba ya ga komai lafiya, ya buɗe hanya. Kowa ya tafi, rago na tsaye. Daniela Cimini da abokan aikinta sun nuna a 2001 cewa wannan riƙo na daga manyan dalilan makarar kuromosom a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, kuma yana ƙaruwa idan mazari ya rushe ya sake ginuwa.

Makomar wanda ya makara iri-iri ce. Wani lokaci ɓangaren da ya fi yawan zare ya rinjaya, ya isa gidansa a makare. Wani lokaci ya faɗa gidan da ba nasa ba, ƙwaya ɗaya ta sami ƙari, ɗaya ta sami ragi. Wani lokaci kuma a rufe ƙofa yana waje, ya yi wa kansa ɗan ƙaramin ɗaki a gefe, inda yakan kakkarye. Theodor Boveri ya yi hasashe tun 1914 cewa irin wannan hargitsi na da hannu a ciwon daji, kuma yau an san yawancin ƙullutun daji lissafin kuromosom ɗinsu ba daidai yake ba. A 2004 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gadon da ke yin BubR1 na jawo wata larura da ba a cika samu ba: yara masu ƙaramin kai, ƙwayoyin jikinsu kowace da nata lissafin, kuma daji kan kama su tun suna ƙanana.

Sai dai dole in yi wa takardar da zan manna a jikin gilashin adalci. Abu biyu ke barin wani abu a tsakiyar fili: cikakken kuromosom da ƙugiyarsa ta yi mugun kamu, ko gutsuren da ya karye ba shi da ƙugiya sam. Masu bincike suna bambance su da rini mai ƙyalli da ke manne wa ƙugiya kaɗai. Asalin wannan rini ma daga jinin marasa lafiya aka samo shi, masu wata cuta da ke taurara fata, waɗanda garkuwar jikinsu ke kai wa sentiromiya hari. Da jininsu William Earnshaw da Naomi Rothfield suka gano CENP-A da 'yan uwansa a 1985. Madubina na fitila ne kawai. Nawa dogo ne, tsawonsa ɗaya da sauran, ya fi kama da cikakke. Na rubuta: "Kuromosom da ya makara, saiwar albasa, bayan kolcisin." Ban ƙara komai ba.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi. Yau mun sha ruwa a gidan Yaya a Idi-Araba. Autanta shekararsa shida, yana da larurar Down. Shi ya buɗe mini ƙofa, ya rungume ƙafata kamar kullum, ya ja ni har tabarma.

Saboda shi nake wannan aiki. Tun da aka haife shi ba abin da Yaya ba ta ji ba. Wasu suka ce ɗan ruwa ne. Wata tsohuwa a dangin mijinta ta ce ai da cikinsa tana fita da almuru, tana wanka da dare. Yaya ba ta taɓa mayar da magana ba, amma na san ta haɗiye su duka.

Bayan tarawih na nuna mata hoton a waya. Na ce yaronta kuromosom 47 gare shi, mai lamba 21 uku ne maimakon biyu, kuma likitoci a Faransa ne suka gano haka a 1959. Na ce kusan tara cikin goma daga ƙwan mace ƙarin yake fitowa. Sai ta ajiye kofin kunu ta ce, "Auta, ashe dai daga wajena ne."

Na yi saurin magana, ban auna ba. Na yi shiru, sannan na sake ɗaukowa daga tushe. Na ce, "Yaya, ƙwan nan tun kina cikin Inna aka yi shi. Ya soma rabuwa, ya tsaya a tsakiya, ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jira. Zobban da ke riƙe da kuromosom ɗinsa tun na wancan lokacin ne, ba a sabunta su. Suna sassautawa da shekaru, ƙugiyoyi su rabu da juna, su kama zaren da ba nasu ba. Kuma rabon yana faruwa ne daidai lokacin da ƙwai zai fito ko zai haɗu da na namiji, tun kafin a ce akwai ciki. Wankan dare da fitar almuru duk a bayansa suka zo. Haka ƙwan kowace mace yake, har na wadda ta faɗa miki maganar."

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Wannan ai waya ce. Ni da idona nake so in gani."

Asabar, 8 ga Maris

Ta zo makaranta da hantsi, ita da yaron. Na faɗa mata tun farko cewa ba abu ɗaya ba ne sak: na albasa rabuwar ƙwayoyin jiki ce, nata kuma rabuwar ƙwai, wadda ake yi sau biyu a jere. Amma ƙugiyar ɗaya ce, zaren ɗaya ne.

Da farko ta ce duhu kawai take gani, gashin idonta na tare mata. Na ce ta matso, ta rufe ɗaya idon da tafi. Na juya mata maɓallin a hankali. Can sai ta ce, "Tsaya. Ga wasu nan sun yi nan, wasu sun yi can." Ta yi shiru. "Ga shi a tsakiya. Ikon Allah." Ta kai minti biyar ba ta ɗago ba. Yaron ya matsa sai ya gani, na ɗaga shi, ya leƙa ya ce ja ne. Da za su tafi ta ce akwai mata biyu a unguwarsu masu yara irin nata, ko za ta iya kawo su.

Mun tsayar da Juma'a, 21 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci. Ranar ce duniya ta ware wa masu wannan larura, rana ta 21 a wata na 3, saboda kuromosom na 21 guda uku. Shugabar makaranta ta amince da ɗakin.

Abin da ke hannu yanzu: gilasai goma sha takwas masu kyau, ɗaya ne kawai mai wanda ya makara, kuma rininsa ya soma kodewa, don haka ina bukatar aƙalla biyu kafin ranar. Bayanin Hausa ya kai shafi huɗu, saura ɓangaren rabuwar ƙwai, wanda zan sake rubutawa don kada wata uwa ta ji abin da Yaya ta ji a jimlar farko. Rini ya kusa ƙarewa. Litinin da sassafe zan koma Mile 12, don Baba ya ce tsohuwar albasar saura rabin buhu.